Wanda ake jira a zango ba ya fashin atisaye

A ƙarshen watan Agustan kowace shekara, tun da sassafen wata Juma'a, ake fara sakin 'yan tsere rukuni-rukuni daga Timberline Lodge, wani masauki da ke jikin dutsen Hood a jihar Oregon ta Amurka, a tudun da ya haura mita 1,800 sama da teku. Garin Seaside da ke bakin tekun Fasifik suka nufa, tafiyar kusan kilomita 320. Ba mutum ɗaya ke cinye wannan nisa ba. Kowace ƙungiya mutum 12 ce, an yanka mata hanyar zango 36, kowa zango uku, bi da bi, rana ta faɗi ana gudu, gari ya waye ana gudu. Shida suna cikin wata ƙaramar bas, shida suna cikin wata. Idan ɗaya yana kan titi, 'yan motarsa sukan wuce gaba su jira shi a mahaɗa, inda zai zare wani ɗan awarwaro daga wuyan hannunsa ya maƙala wa mai karɓarsa. Wani mai zanen gine-gine, Bob Foote, shi ya ƙago wannan tsere mai suna Hood to Coast a 1982, da ƙungiyoyi takwas kacal. Yau fiye da ƙungiya dubu ake ɗauka, kuma masu nema sun fi gurabun yawa har sai an jefa ƙuri'a. A 2004 aka fara makamancinsa a jihar Utah da sunan Ragnar, shi ma ya bazu jihohi da dama.

Gwanayen gudu suna shiga, har akwai ƙungiyoyin da ke gamawa cikin ƙasa da awa 20, amma su tsiraru ne. Taron na gama-gari ne: abokan aiki, 'yan gida ɗaya, tsofaffin 'yan makaranta, sai kuma waɗanda suka fi jan hankalina, mutanen da ba abin da ya haɗa su sai gidan motsa jiki ɗaya da suke biya wa kuɗin wata. Irin waɗannan, in suna cin kilomita ɗaya a minti shida, za su shafe awa 32 a hanya, alhali wa'adin da aka ba su awa 36 ne. Mai hankali yana iya tambaya: wace lafiya ake samu a kwanan zaune cikin mota mai tsamin gumi, a ci abin da aka tarar a hanya, sannan a fito cikin sanyin ƙarfe ukun dare a yi gudun kilomita tara a gefen kwalta? Babu. Wannan dare ɗaya bai ƙara wa kowa lafiya, ƙila ma ragewa yake yi. Duk da haka ina ganin gidan motsa jikin da ya haɗa ƙungiya ya tura ta irin wannan tsere ya yi wa mutanensa abin da duk na'urorin da ya jera suka kasa yi musu, domin ya ɗora wa kowannensu bashin mutum goma sha ɗaya, kuma tun watanni kafin ranar tsere ake fara biyan wannan bashi.

Sai an duba cutar da ke damun gidajen motsa jiki kafin a gane darajar wannan bashi. A 2006 wasu masana tattalin arziki biyu, Stefano DellaVigna da Ulrike Malmendier, suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan dubban membobin gidajen motsa jiki uku a Amurka. Sun gano cewa masu biyan kuɗin wata da ya haura dala 70 ba su wuce zuwa sau huɗu da ɗoriya a wata ba, wato kowane zuwa ya tsaya musu fiye da dala 17, alhali da tikitin shiga goma-goma suka saya, dala 10 zai tsaya musu. Waɗannan mutane suna da kuɗi, suna da wuri, suna da niyya, tunda niyyar ce ma ta sa suka zaɓi biyan wata. Abin da suka rasa shi ne wanda zai lura da ba su zo ba. Mai gidan ba zai kira ya tambayi ko lafiya ba. A lissafin kasuwa ma, wanda ke biya bai zuwa shi ne abokin cinikin da ya fi kowa riba, ba ya cinye na'ura, ba ya tare wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kusan kashi 31 cikin ɗari na manyan mutanen duniya, kimanin biliyan 1.8, ba su kai minti 150 na motsa jiki a mako da ake so ba. Ba wai duk ba su san amfaninsa ba ne. Sani kaɗai ba ya tayar da mutum daga shimfiɗa da asuba, musamman in ya san kansa kaɗai zai cuta in ya koma barci, shi kuwa kai ba ya kai ƙara.

Mai zubin adashi ya san wannan sirri. Kuɗin da ya kasa tarawa a asusunsa na shekaru, sai ga shi yana fitar da shi duk mako ba fashi, don ya san akwai wadda kwasarta ta zo, kuma uwar adashi ta san ƙofar gidansa. Haka tseren karɓa-karɓa yake yi wa ɗan gidan motsa jiki. Da zarar an rubuta sunansa a kan zango na 5 da na 17 da na 29, fashin atisayen ranar Talata ya tashi daga zama lamarinsa shi kaɗai. A matsakaici zai yi gudun kilomita 26 ko 27 a jimla, cikin kwana ɗaya da rabi, na biyu a kan gajiyar na farko, na uku a kan rashin barci, kuma wanda bai shirya ba jikinsa zai tona masa asiri a gaban mutanen da zai ci gaba da haɗuwa da su. Ko zangon farko na Hood to Coast, da ake ganin banza ne tunda gangara ce, sauka ce ta kusan mita 600 cikin ƙasa da kilomita tara, kuma ya sha kassara cinyoyin waɗanda suka raina shi.

Akwai ƙalubale mai ƙarfi a nan, kuma daga ilimi ya fito. Tun 1913 wani injiniyan aikin gona na Faransa, Max Ringelmann, ya wallafa abin da ya gani a gwajin jan igiya: duk lokacin da aka ƙara yawan masu ja, ƙarfin da kowane mutum ke sawa raguwa yake yi. Taro maɓoyar rago ne. To me zai hana mutum 12 su zama ragwaye 12, kowa na dogaro da ɗan'uwansa? Abin da ya hana shi ne yadda aka gina tseren. A jan igiya ƙoƙarin kowa narkewa yake cikin na saura, ba mai iya cewa ga na wane. A nan kuwa kowa shi kaɗai yake kan titi, agogo na ƙirga masa, an san lokacin da ya karɓa da lokacin da ya miƙa, kuma ba yadda gwanin ƙungiya zai yi ya gudu masa zangonsa yana zaune. Wannan shi ne ainihin yanayin da wani masani Bajamushe, Otto Köhler, ya yi nazari a kansa a shekarun 1920 da 'yan wani kulob ɗin tseren kwalekwale a Berlin: idan aka haɗa mutane a aikin da ba ya yiwuwa sai kowa ya riƙe nasa ɓangaren, mai rauni a cikinsu yakan jure fiye da yadda yake jurewa shi kaɗai. An sake ganin haka a wajen ɗakin gwaji. Joachim Hüffmeier da Guido Hertel sun duba lokutan 'yan ninƙaya a gasar Olamfik ta Beijing ta 2008, suka tarar waɗanda aka sa a ƙarshen jerin karɓa-karɓa sun fi sauri a kan yadda suka yi a tseren kansu, amma masu buɗewa ba su nuna wannan ƙari ba. Wanda ya san sakamako ya rataya a wuyansa yana da wani ƙarfi a ajiye da ba ya fitowa don kansa. Sai dai Köhler ya lura da wani sharaɗi da masu haɗa ƙungiya ke yawan mantawa: ƙarin ya fi fitowa idan tazarar ƙarfi tsakanin abokan ba ta yi yawa ba. Sabon shiga da aka jefa cikin gwanaye ba zuciya yake samu ba, karaya yake yi.

To me ya kawo dare cikin maganar? Da farko dai lissafi ne ya kawo shi, tunda ba a cin kilomita 320 a ƙafa tsakanin fitowar rana da faɗuwarta. Amma dare yana da nasa aikin. Da rana akwai 'yan kallo, akwai tafi, akwai masu ɗaukar hoto, mutum na iya yin gudu don a gan shi. A dazukan da ke tsakanin garin St. Helens da ƙauyen Mist a kan hanyar Hood to Coast, inda yawancin ƙungiyoyi ke ratsawa cikin duhu, ba kowa sai fitilar goshinsa da jan hasken da ke ƙyaftawa a bayan wanda ke gabansa. Dalili ɗaya ya rage masa na ƙin takawa a hankali, shi ne akwai wani yana tsaye a mahaɗa cikin sanyi yana leƙen hanya. Haka cikin motar. Mutanen da suka shekara suna gaisawa da ɗaga kai a gaban madubin gidan motsa jiki, kowa da abin sauraro toshe a kunne, yanzu sun ga juna da amai, da ciwon ciki, da fushin yunwa, sun raba ruwa da bargo. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi a hukumance cewa kaɗaici ya zama annoba a ƙasar. A irin wannan ƙasa ba abin mamaki ba ne mutum ya biya kuɗi don a sa shi a inda ake buƙatarsa.

Sai dai bashi yana iya zama sarƙa, kuma wanda ke son ganin iyakar wannan al'ada sai ya dubi Japan, inda tseren karɓa-karɓa na dogon zango ya girmi na Amurka da fiye da shekara 60. A 1917 jaridar Yomiuri ta shirya na farko daga Kyoto zuwa Tokyo, fiye da kilomita 500 a zango 23, dare da rana, don bikin cika shekara 50 da mayar da fadar mulki Tokyo. Daga 1920 aka fara na Hakone, wanda ɗaliban jami'o'i ke yi ranar 2 da 3 ga Janairu, kilomita 217 a zango goma, ƙasar kuma ta zauna gaban talabijin tana kallo. Abin da suke miƙa wa juna wani ɗan ƙyalle ne da ake ratayawa a kafaɗa, tasuki, mai launin makarantarsu, jiƙe da gumin duk waɗanda suka riga. Idan ƙungiya ta yi nisa a baya, a wasu zangunan minti 20 bayan na gaba, sai alƙalai su saki ɗan gudunta na gaba da wani ƙyalle na aro, shi kuma wanda ya iso ya tarar ba mai karɓa yakan zube ƙasa yana kuka. Idan ɗaya ya kasa ƙarasa zangonsa, an fitar da makarantar daga lissafin gasar. Shi ya sa aka sha ganin matasa suna tangaɗi, ruwan jikinsu ya ƙare ko ƙashi ya tsage, mai horar da su yana roƙonsu su tsaya suna ƙi. A can cikin Japan ɗin ma akwai masu sukar cewa wannan nauyi yana ƙona 'yan gudu tun suna ƙanana. Wannan suka gaskiya ce, kuma ƙarfin da ke tayar da rago daga barci shi ne dai ke hana mai rauni tsayawa.

Amma ba dole ba ne a ɗauki bashin da tsaurinsa na Hakone. A Hood to Coast, idan ɗan gudu ya ji ciwo, na bayansa a jeri yakan karɓa ya ƙarasa, sauran su matso gaba, ƙungiya ta ci gaba da tafiya da mutum 11. Wasu za su yi zango huɗu maimakon uku, za su ji jiki, amma ba wanda aka kora. Wannan ƙa'ida ta bar nauyi daidai yadda zai hana wasa da atisaye, ba ta kai shi inda mutum zai sayar da gwiwarsa don kunya ba. Abin da ya rage aikin shugaban ƙungiya ne, ya faɗa tun kafin a tashi, a gaban kowa, cewa wanda jikinsa ya ce ya tsaya to ya tsaya. In ba a faɗa ba, ba wanda zai so ya zama na farkon ɗaga hannu.

Ƙalubalen da ba ni da cikakkiyar amsarsa shi ne na haɗari, kuma mutane sukan nemi haɗarin a inda ba ya nan. Ana tsoron zuciya ta buga ko ƙafa ta karye, alhali abin tsoron mota ce. Ba a rufe waɗannan hanyoyi don tsere. Ɗan gudu yana raba kwalta da duk wanda ya fito da dare, mai hankali da marar hankali. Shi ya sa aka wajabta riga mai ɗaukar haske da fitila gaba da baya daga yamma zuwa safiya, kuma duk da haka a 2009 wani direba da ya bugu ya kaɗe ɗaya daga cikin mahalarta tseren Ragnar na Las Vegas har lahira. Wannan daga waje ke nan. Na cikin gida ya fi damuna, domin shi da hannu ake jawo shi. Ƙungiyoyi da yawa ba su ɗaukar direba, 'yan gudun ne ke karɓa-karɓar sitiyari, wanda ya gama zango da tsakar dare shi ne zai ja mutum biyar a kan hanyar daji mai lanƙwasa. A 1997 Drew Dawson da Kathryn Reid na Ostireliya suka wallafa a mujallar Nature cewa wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa da saurin hannunsa sun yi daidai da na mai barasa kashi 0.05 cikin ɗari a jini, wanda ya kai awa 24 kuwa ya yi daidai da mai 0.10, abin da ya wuce iyakar 0.08 da dokar yawancin jihohin Amurka ta yarda a yi tuƙi da ita. Ke nan mutanen da ba za su taɓa shiga motar mashayi ba suna miƙa rayukansu ga abokin da barci ya mayar tamkar mashayi, har suna alfahari da cewa ba wanda ya runtsa. Ba jarumtar komai a ciki. Kowace mota ta sami direban da ba ya gudu, wanda ya yi barcinsa da rana, kuma ina ganin ya kamata masu shirya tseren su mayar da wannan sharaɗi kamar yadda suka mayar da fitila. Akwai ma hanyar da ta fitar da mota daga lissafi gaba ɗaya. A Ingila, tseren Endure24 da ake yi kusa da Reading zagaye ne na kilomita takwas cikin daji, awa 24, 'yan ƙungiya suna kwance a tantinsu har juyinsu ya zo. Ragnar ma yana da irin wannan na mutum takwas. An rasa daɗin tashi daga dutse a sauka a teku, amma bashin yana nan yadda yake. A inda titin dare ba shi da aminci, kamar manyan hanyoyi da yawa na arewacin Najeriya a yanzu, wannan na zagayen ne kaɗai mai hankali zai yi tunanin kwaikwaya.

Batun tsada ba sai an ja shi ba. Kuɗin rajistar ƙungiya ya haura dala dubu, ga hayar mota biyu, ga mai, ga masauki, ga hutun kwana biyu daga aiki. Wasa ne na masu hali, ba mai musun wannan. Mazauna ƙauyukan da motoci fiye da dubu biyu ke toshe wa hanya cikin dare ɗaya suna da gaskiyar yin ƙorafi, ko da yake makarantu da majami'un yankin suna samun na kashewa da sayar da abinci, ruwan wanka da wurin kwana, kuma ƙungiyoyin da ke kusa dole ne su kawo 'yan sa-kai uku-uku. Abin da wannan ya nuna shi ne a nemi mai araha, ba a ce tsarin ba shi da amfani ba.

Saura tambayar da ta fi kowace kaifi: tsere sau ɗaya ne a shekara, in an gama fa? Wanda ya yi wata huɗu yana atisaye don kunyar 'yan ƙungiya, me zai hana shi komawa gidan jiya ranar Litinin? Ga ƙungiyoyi da yawa, ba abin da zai hana. Tsofaffin 'yan makaranta da suka taru daga jihohi biyar za su hau jirgi su watse, sai baɗi. Abokan ofis za su ci gaba da haɗuwa, amma a kan kujera. A nan ne ƙungiyar gidan motsa jiki ta sha bamban, don ita kaɗai ce wurin haɗuwarta na kullum shi ne wurin atisaye. Gidan yana da ɗaki da na'urori amma ba shi da zumunci, tseren ya samar da zumunci amma ba shi da ɗaki, sai ga mutum 12 sun dawo da ɗayan cikin ɗayan. Yanzu idan ɗaya ya yi fashin mako guda akwai mai lambar wayarsa, wanda ya taɓa tsayawa jiransa cikin duhu, kuma yana ganin yana da hurumin tambaya.

Wannan amfani kuwa yana lalacewa ne daga hannun mai gidan. Abin da ransa zai fi so shi ne ya tsamo mutum 12 da suka fi kowa gudu, ya buga musu riga da tambarinsa, su dawo da lambar yabo ya rataya a bakin ƙofa don talla. Waɗannan ko ba tsere za su zo atisaye, ba su ne masu zuwa sau huɗu a wata ba. Gurbin da ya ba gwani, ya hana shi ne ga magidancin da likita ya ce ya rage ƙiba, ko matar da ta yi rajista a Janairu aka daina ganinta a Maris. In yana da masu so da yawa, gara ya fitar da ƙungiya biyu, ya haɗa masu ƙarfi kusa da juna a kowace, ya ba mafi rauni gajerun zanguna marasa hawa, tunda zangunan ba tsawonsu ɗaya ba, akwai na ƙasa da kilomita shida akwai na sama da 12. Ƙungiya ta biyun za ta iso Seaside da yammacin Asabar, bayan gwanaye sun yi wanka sun ci abinci, kuma cikinta ne zai sami waɗanda za su sabunta rajistarsu don suna zuwa, ba don sun manta su soke ta ba.